Ƙafafun Motar Ado

Mamadu yana kwance rigingine a ƙarƙashin motar, yana ɗaure noti na ƙarshe a rasor ɗin baya, sai ya ga takalman maigidansa sun zo sun tsaya daidai kansa. Jajaye ne na fata, irin waɗanda ba a fito da su sai ranar sallah. Suka zagaya motar sau ɗaya, suka dawo inda suka fara.

"Mamadu, wannan mota ce ko raƙumi?"

"Mota ce, Maigida. Yau ma ta fara zama mota."

Ado mai gyaɗa ya sayi motar ne bara waccan a Damagaram, daga hannun wani Bature ɗan kamfani da zai koma gida. Baƙa ce, doguwa, da kujerun fata da labule, har da gilashi tsakanin shofer da mai mota don kada numfashinsu ya gauraya. Mai sayarwa ya ce ta taɓa ɗaukar gwamna. Kafin a iso da ita Magarya gwamnonin sun zama biyu a bakin Ado, kafin damina ta faɗi sun zama huɗu. Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, babbar motar gyaɗa ce ta jawo ta rabin hanya da igiya.

Injinta lafiya lau yake, ƙafafun ne suka mutu. Tayoyin sirara ne, an yi su don titin birnin Turawa, sun sha faci har ba a san asalin robar ba. Rasor ɗin, wato ƙarafan da jikin mota ke zaune a kai, sun gaji sun miƙe, sai gindin motar yana jan ƙasa kamar tsohuwar tunkiya. In ta zo kwana sai ta kwanta gefe guda, mutanen ciki su zube a jikin ƙofa ɗaya. In ta ga rairayi kuwa, sai ta shiga ta zauna. A ƙasar Magarya kuma rairayi ba baƙo ba ne.

Mamadu tsohon soja ne. Shekara bakwai ya yi yana tuƙa manyan motocin sojan Faransa yana gyara su, ya dawo da akwatin sifanu da yatsu tara. Tun ranar da Ado ya ɗauke shi aiki ya gaya masa abin da motar ke so: faffaɗar taya, da ƙarin ƙarfe a rasor. Ado ya ce a'a, gwamna bai shiga ta da faffaɗar taya ba. Haka suka yi shekara guda da rabi, mai mota a zaune a baya da rawani, shofer a ƙasa da shebur.

Kasuwar Sassumburum ce ta raba gardamar. Motar ta nutse a bakin kasuwa ran da ta fi cika, sai da aka ɗauro bijimai biyu suka fid da ita, Ado na ciki ya saki labule. Kafin mako ya zagayo mata sun sa abin a waƙar daka, suna cewa motar Ado harawa take ci. Da waƙar ta iso cikin gidansa, ya ji ta a bakin 'yar aikinsa, sai ya kira Mamadu ya ce ya yi abin da zai yi.

An gama yaƙin duniya, kayan soja sun cika kasuwar Kano, saboda haka tayoyi ba su yi wuya ba. Mamadu ya ce a biyo da su ta gidan duwan, wato kwastan na kan iyaka, a karɓi takarda. Ado ya dube shi kamar ya ce a zuba gyaɗa a rijiya. Raƙuma ne suka shigo da tayoyin ta daji, a naɗe cikin tabarmi. Ƙarafan rasor kuwa daga gawar wata babbar mota Mamadu ya kwanto su, ya kai wa maƙeri suka gasa suka lanƙwasa, ya ƙara uku uku a baya, biyu biyu a gaba, ya sa ƙirgin sa a inda robar ta cinye. 'Yan tukwanen ƙarfen da ke hana mota tsalle ya wanke su ya cika da mai mai kauri. Sai da ya yanke bakin ƙarfen da ke rufe tayoyin kafin sababbin su sami wurin juyawa, ranar kuwa Ado bai ci abincin rana ba.

Yanzu ga ta nan tsaye a ƙofar gida, ta ɗaga sama da kamu biyu, baƙar riga ta sarauta a kan ƙafafun ɗan dako.

Ranar ba ta wasa ba ce. Za a buɗe cinikin gyaɗa, kwamandan Magarya, Baturen mulki, zai je Dungas ya faɗi wanda zai kafa sikeli a kasuwar can. Ado na so, Labbo abokin hamayyarsa ma na so. Labbo babbar mota gare shi mai ɗaukar buhuna, amma ba shi da motar gwamna, kuma a kan wannan Ado ya ɗora dukkan fatansa. Don haka ya ce ba za a tashi ba sai an shafa wa gefen tayoyin farar ƙasa, yadda na dā suke da farin gefe. Mamadu ya ce rairayi zai goge. Ado ya ce ya goge ɗin. Aka shafa.

Sai ga Gimbiya, yayar Ado, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, kuma ita kaɗai ce a Magarya take kiransa da sunansa ba tare da ƙari ba. 'Yarta ta haihu a Dungas, gobe suna, ta fito da tulun man gyaɗa da ƙwaryar daddawa da ƙullin tsummoki. Ta tsaya ta ƙare wa motar kallo, ta tambaya ko da tsani ake hawa. Ado ya gwada ɗaga ƙafa, babbar riga da tumbi suka hana. Aka fito da turmi aka kifa, ya taka ya shiga, maƙwabta suna kallon ƙasa don kada a ga bakinsu. Gimbiya ta ƙi baya, ta ce warin turarensa na juya mata ciki. Ta zauna gaba kusa da Mamadu, tulu a tsakanin ƙafafunta.

Suna fita gari Mamadu ya san aikinsa ya yi. Sitiyarin da dā yake yawo a hannu kamar igiyar guga yanzu ya tsaya inda aka sa shi. Akwai wata kwana a bakin tafki inda motar ta taɓa kusan kifewa. Ya shige ta ba tare da ya rage gudu sosai ba, motar ta bi ta a miƙe, ko man Gimbiya bai motsa ba. Wani daɗi ya taso masa tun daga ciki. Ya so ya gaya wa wani, amma babu wanda zai gane.

Ado ya ƙwanƙwasa gilashin tsakani, ya ce kujerar ta yi tauri, dā kamar a kan ruwa yake tafiya. Gimbiya ta ce ai dā ba tafiya yake ba, zama yake.

Da suka zo inda jan rairayi ya fara, Mamadu ya tsaya ya sauka, ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana rage musu iska. Ado ya leƙo ta taga a fusace, yana tambayar dalilin da za a zubar da iskar sabuwar taya. Mamadu ya ce taya in ta yi laushi sai ta baje kamar tafin raƙumi, ta hau kan rairayi maimakon ta haƙa shi. Ado ya ce shi dai bai son jin sunan raƙumi a maganar motarsa. Suka shiga rairayin, motar ta bi ta kai tana gurnani a hankali, ƙauyawa suna fitowa daga gonaki da shirin turi, su ga ta wuce, su tsaya da hannuwa a sake.

Rana ta kusa tsaka suka hango taro a gindin wani dogon tudu. Motar kwamanda ce ta nutse har ciki. An soke aikin dole tun bara, saboda haka mutum talatin ɗin da ke tura ta da son ransu suka zo, ga garduna biyu, dogaran kwamanda, da bulala suna tsaye suna tabbatar da son ran. Injin na ihu, ƙafa ɗaya na juyawa, ɗayar ko motsi. Daga nesa Mamadu ya gane ƙarfen ƙafar baya ya karye, ko mutum ɗari ba za su kai ta Dungas ba. Da alama ba wanda ya ga dalilin gaya wa masu turin.

Ya taka birki, ya zuge gilashin tsakani. Ya ce da Ado gara su tsaya nan ƙasa, su taka da ƙafa su gai da kwamanda, su ce tasu ma ta gaza. Shekara bakwai a soja ta koya masa cewa bargo mai kyau ba a shanya shi inda hafsa zai gani.

"Ka bi ta gefensu," in ji Ado. "A hankali, yadda zai gan ni. In ka kai daidai shi ka busa ƙaho. Sai mun hau tudun za ka tsaya."

Mamadu ya sake cewa wani abu, amma da rabin baki. Gaskiyar magana shi ma yana son ya ga abin da za ta yi da tudun nan. Ya sa giya ta biyu, ya saki hanya ya bi ɗanyen rairayi, ya busa ƙaho. Masu turi suka ɗago kai. Baƙar motar ta wuce su da labulenta a ɗage, Ado ya ɗaga hannu ɗaya kamar mai sa wa talakawa albarka, ta haye tudun ba ta ko yi tari ba.

Babu turmi a kan tudu, sai da Mamadu ya ba da kafaɗa Ado ya sauko. Kwamanda ya hau tudun da ƙafa, tafintansa Habu na biye da lema. Siririn Bature ne, wuyansa ya yi ja kamar naman tsire. Ado ya durƙusa ya fara jero gaisuwa, amma Baturen ya wuce shi, ya tuɓe hularsa ya shige ƙarƙashin motar. Ya daɗe a ciki. Ya ƙirga ƙarafan rasor, ya taɓa ƙirgin, ya fito ya danna gindin motar da hannu biyu ya saki, ta taso sau ɗaya ta tsaya cik. Ya yi wa Mamadu tambayoyi da Faransanci, Mamadu ya amsa da Faransancin bariki, ƙafafu a haɗe. Tun da ya fara aikin nan yau ne wani ya tambaye shi dalilin da ya sa na baya suka fi na gaba yawa, kuma ya gyaɗa kai da ya ji amsar.

Ado ya ga ana yabo bai ji sunansa ba. Ya jawo hannun Habu ya ce ya shaida wa kwamanda cewa shofer hannu ne kawai, dabarar duk tasa ce. Musamman tayoyin, shi ya zaɓe su da kansa, shi ya san inda ake samunsu.

Kwamanda ya ce madalla, ya tsuguna gaban taya. Rairayi ya goge farar ƙasar daga kan haruffan da suka ɗan taso a jikin robar, ya bar ta a kewaye, sai rubutun ya fito baƙi a kan fari, ko daga gindin tudu ana iya karantawa. Rubutun Ingilishi ne, har da tambarin sojan Ingilishi. Kwamanda ya bi shi da yatsa. Sannan ya miƙa hannu, ba tare da ya ɗago kai ba, ya ce a ba shi takardar duwan.

Ado ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu. Ya ce tana gida. Ya ce wataƙila tana wurin Mamadu. Mamadu ya kalli gaba kamar yadda aka koya masa.

Kwamanda ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya yi magana a natse, Habu yana juyawa. Ya ce shi mutum ne mai bin doka, ba zai taɓa dukiyar kowa ba. Mota ta Ado ce, babu mai gardama. Tayoyi kuwa kayan fasa-ƙwauri ne, gwamnati ta kama su daga wannan lokaci.

"Ya ce kana iya ɗauke motarka daga kansu ka tafi da ita," in ji Habu. "Ko kuma, in ka ga dama, ka ba gwamnati aron motar ta zauna a kan tayoyinta, har a gama bincike. In ka yi haka, ya ce zancen tara da gidan kaso bai taso ba."

Ado ya tambaya yaushe ake gama bincike. Habu bai ma juya tambayar ba, ya ce takardun Yamai ake aikawa.

Ado ya dubi motar, ya dubi gardunan da suka hau tudun suna wasa da bulala. Ya ce ai daman abin da ya kawo shi ke nan, tun daga gida ya yi niyyar ba kwamanda aro. Kwamanda ya ce ya san haka, a fuska ake gane mutumin kirki.

Aka kwaso akwatunan takardu da gadon tafiya da kwandon kwalabe aka cika baya. Kwamanda ya shiga, Habu ya shiga, gardi ɗaya ya maƙale a jikin ƙofa. Da aka ce Gimbiya ta sauka sai ta ce a gaya wa Nasara ita ba taya ba ce, ba a kama ta ba, kuma gobe sunan jikanta. Habu ya rage maganar kafin ya juya, amma kwamanda ya ga fuskarta ya yi dariya ya ce a bar ta. Wurin mutum ɗaya ne ya rasa. Kwamanda ya ce zai ba Ado wata babbar amana: ya tsaya ya kula da motar gwamnati har a kawo shanu.

Shofer kuma, tun da shi ya san halinta, yana cikin aron.

Mamadu ya tayar da mota. A madubi ya ga maigidansa tsaye a kan tudu, iska na kaɗa babbar riga, jajayen takalma sun nutse a rairayi, mutum talatin suna zaune a ƙasa suna kallonsa. Tausayi ya kama shi, da kunya. Amma hanya ta miƙe, nauyin akwatunan ya zaunar da rasor ɗin daidai yadda ya so, motar ta yi lumui. Kwamanda ya zuge gilashi ya ce ya ƙara wuta. Ya ƙara. Bai taɓa tuƙa abu mai daɗin wannan ba, kuma ya ji haushin kansa da ya lura yana murmushi.

A bakin garin Dungas maroƙa suka tare su da kalangu. Ado ne ya aiko su tun shekaranjiya, ya ce da sun ga baƙar mota su fara. Suka bi ta da gudu suna kirarin mai motar da babu irinta, ɗan gidan girma, wanda Labbo ke gani ya shiga bayan buhu. Ƙofa ta buɗe, Bature ya diro. Kalangu ya yi tuntuɓe, amma babban maroƙin ya ga an riga an fara, ya ci gaba. Kwamanda ya tambayi abin da suke cewa, Habu ya ce suna yabon mai motar ne. Kwamanda ya ɗaga musu hula.

Sai bayan la'asar Ado ya iso, a kan takarkarin wani makiyayi, rawani ya karkace, fuska ta yi furu-furu. Kafin ya sauka labari ya riga shi, har ya yi rassa. Shi kuwa tun daga bakin kasuwa ya fara gaya wa duk wanda ya tsaya cewa kwamanda ne ya roƙe shi, har sau uku, shi kuma ba ya iya hana aboki. A gaban jama'a kwamanda ya kira sunansa, ya ce saboda halin kirkin da ya nuna wa gwamnati, shi zai kafa sikeli a Dungas bana. Labbo ya zo ya yi masa barka, ya ƙara da cewa in yana neman abin komawa gida akwai wuri a kan buhuna.

Mamadu yana bayan masaukin baƙi yana mayar wa tayoyin iska da famfo, don an ce gobe da sassafe za a wuce Guci, daga can Yekuwa, daga can kuma ba a faɗa ba. Ado ya zo ya tsaya a kansa. Ya shafa ƙofar motar, ya goge ƙurar da babbar rigarsa, ya leƙa ta taga ya ga hular kwamanda a kan kujerarsa.

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. Ya ce ya yi tunani a kan hanya. Bature ba ya riƙe abin da ya lalace, ran da ta fara ba shi wahala zai ce a mayar wa mai ita.

"Kai ka ɗaura ƙarafan nan, ka san ƙarfinsu. Ka gaya mini gaskiya, Mamadu. Wata nawa za su yi kafin su karye?"

Mamadu ya saki famfon ya miƙe. Ya so ya ce wata biyu, ko uku, don mutumin ya samu abin riƙewa a kan hanyar komawa. Ya dubi rasor ɗin, yadda suka lanƙwashe tsaf bayan duk dukan da suka sha yau, ko noti ɗaya bai saki ba.

"Maigida," ya ce, "in ana shafa musu mai, shekara goma."

"In ba a shafa ba fa?"

Mamadu ya goge hannu a wando.

"Takwas."